Damisa a Rijiyar Kawu

Ina tsaka da shan shayi, ko burodin ban taɓa ba, wayata ta yi ƙara. Kawu ne, ƙanin mahaifiyata, wanda a hannunsa na tashi. Ko gaisuwa bai jira ba.

"Lauyan kura, kana ina? To ka zo, yau babbar shari'a ta same ka. Ɓarauniyar awakina ta faɗa rijiya."

Sunan da aka laƙaba mini ke nan tun shekarar da na tsaya gaban taron masu kiwo ina roƙonsu su daina zuba guba a mushe. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ofishin kula da namun daji, amma ko yaran maƙwabta ba su san ni da wani suna ba.

"Wace ɓarauniya, Kawu?"

"Damisa mana! Tana cikin tsohuwar rijiyar nan ta bayan garke, wadda ta ƙafe. Mutane sun fara taruwa, wani ma ya tafi neman fetur."

"Kawu, don Allah ka riƙe mini su. Awa ɗaya kawai."

"In riƙe su da me, da gemuna?" Ya kashe wayar.

Matata ta miƙo mini hular kwano, ta kalli shayin ta kalle ni. Na hau babur na nufi ofis.

Abu huɗu nake buƙata: mota, keji, raga, da bindigar da ake harba wa dabba allurar barci. Dukansu suna cikin jerin kayan da aka manna a bangon ofis, da sa hannu da hatimi. Motar ce na fara gani a harabar, tana tsaye kan tayoyi uku da bulo biyu. Tayar da aka kai faci tun watan jiya ba ta dawo ba. Na wuce sito, na tarar da mai sito yana yanke farce a bakin ƙofa.

"Keji fa?" na ce.

"An ara wa hedkwata, sun kai baje koli. Ai kai ma kana nan aka ɗauka."

"Wata shida ke nan!"

"To ni zan je in ƙwato?"

Ya buɗe mini kabad. Bindigar tana nan lafiya lau cikin akwatinta. Kwalaben maganin kuwa, da na ɗaga ɗaya na duba a haske, ruwan ya koma kalar shayi, kwanan watan da ke jiki ya wuce da shekara biyu. In na harba wa damisar wannan, ko dai ta ƙi barci, ko ta yi barcin da ba tashi. Ragar kuma ɓeraye sun yi mata ƙofofi, har akuya za ta iya bi ta wuce ba ta sunkuya ba.

Na kira Oga, shugaban ofishinmu. Sai a kira na huɗu ya ɗauka, yana magana ƙasa-ƙasa, ina jin tafi a bayansa. Yana otal, wurin taron ƙara wa juna sani kan kare namun daji.

Na faɗa masa halin da ake ciki.

"Damisa? Mai rai? Kai, wannan babban abu ne. Ka rubuto a takarda, ka ajiye a tebur ɗina."

"Ranka ya daɗe, fetur aka tafi nema."

"To ka je ka kwantar musu da hankali, ai ka iya magana. Kada ka yanke hukuncin komai sai na zo. Yanzu ni ne zan gabatar da ƙasida."

Na tsaya riƙe da wayar ina kallon hoton zakin da ke bangon ofis, wanda rana ta ci har ya koma kamar tsohon kare. Daga nan na ɗauki igiya da bokiti, su kaɗai ne ba su da wata naƙasa, na ɗaure a bayan babur.

Gonar Kawu tana ƙarshen gari, inda kwalta ta ƙare, tsaunuka suka fara. Tun daga nesa na hango babura a jere kamar ana kasuwa. Mutane sun cika gonar, ba masaka tsinke. Kowa ya ɗaga waya sama yana ɗaukar hoto, masu jifa suna jifa, wata mata har ta kafa kular ruwan sanyi tana sayarwa.

"Ga lauya nan! A ba lauya hanya!" wani ya yi ihu, aka kwashe da dariya.

Na kutsa har bakin rijiyar na leƙa. Zurfinta ya kai tsawon mutum uku. Da farko duwatsun da aka jefa kawai na gani, sai can na ga idanu biyu a wani ɗan lungu da ƙasa ta zaizaye. Ta matse jikinta a ciki, haƙarƙarinta na sama da ƙasa da sauri, jini ya bushe a saman idonta na hagu. Na san ta. Akwai wani zobe marar gashi a ƙafarta ta gaba, tabon tarkon waya. Ta sha fitowa a kyamarorin da muke ɗaurewa a bishiyoyin kan tsauni. Shekara uku da suka wuce damisa biyar muka ƙirga a tsaunukan nan. Bana biyu kawai muke gani, kuma ita ce macen.

Wani dutse ya wuce ta gefen kunnena ya faɗa ciki. Ta yi wani gurnani da na ji shi har cikin ƙirjina, mutane suka ja da baya, suka sake matsowa suna shewa.

Mai fetur ya iso da jarka, wani ƙato mai jan riga. Kafin in buɗe baki wani dattijo ya riga ni. Maharbi ne, tsohon abokin Kawu, bindigarsa a rataye. Ya dafa jarkar da hannu ɗaya.

"Ajiye. Ba a ƙona mai rai a gabana." Ya juyo wajena. "Ɗana, ni harsashi ɗaya zan sa mata, ta huta mu huta. In kana da dabarar da ta fi wannan, ka yi ta kafin rana ta faɗi. Ku kuma ku matsa, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Kawu yana zaune kan turmin ban-ruwan awaki, ya harɗe hannuwa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ina motar? Ina kejin?" ya ce.

"Suna zuwa, Kawu."

"Ƙarya kake. Tun kana yaro in za ka yi ƙarya kunnenka kake sosawa." Na sauke hannuna. "Akuya bakwai ta ci mini daga damina zuwa yau. Bakwai! Har da jar nan mai haifar uku-uku. Sau nawa na zo ofishinku? Kullum sai ku ba ni kujera, ku ba ni takarda in cike. Da awakin nan aka sa ka makaranta, ka yi karatun, ka dawo ka zama lauyan mai cin su."

Rahoto bakwai na rubuta kan awakinsa bakwai, kuma na san inda suke, suna cikin wani fayil da mai sito yake tokare taga da shi.

Duk da haka na miƙe na yi wa jama'a magana. Na ce masu fasa dutse da masu saran itace sun kori gada da barewa daga kan tsauni, masu tarko sun ƙarasa sauran, shi ya sa take gangarowa garke. Na ce in an rufe saman garke da waya ba za ta iya shiga ba. Na ce ita kaɗai ce macen da ta rage. Maganar da na yi sau ɗari ce, har na san inda za a katse ni.

"In ta ɗauki ɗan wani fa?" in ji wani.

"Shekara nawa tana nan, ta taɓa taɓa mutum?" na ce.

"Sai ta taɓa tukuna za ku yarda?"

"A kai masa ita gida ya ɗaure a tsakar gida, tun da 'yar uwarsa ce!"

Aka sake dariya. Abin da ya fi ƙona ni shi ne ba duka suka yi ƙarya ba. Ni albashi nake ɗauka, su awakinsu ake ci.

Sai wata murya ta tashi daga baya, mai kaifi kamar reza. Wata tsohuwa ce mai gonar masara a gindin tsauni, kowa Iya yake ce mata. Ta ratso mutane tana dogara sandar rake.

"Ku kashe ta! Ku kashe, amma ku rubuta sunayenku, kowa ya san ranar da zai zo ya yi mini gadin birai. Shekara huɗu ban cire buhu biyu ba a gonar nan, birai su zo su arba'in, su karya su ci su watsar, har duwawu suke juya mini. Tun da wannan baiwar Allah ta fara zagayawa ta wajena, ko ɗaya ban ƙara gani ba. Bana buhu tara na ɗauka. Kai mai jan riga, kai da ko kaza ba ka da ita, me ta ci maka?"

Nan take wuri ya rabu biyu. Masu gonaki a gindin tsauni suka koma bayan Iya, masu awaki suka koma bayan Kawu, aka shiga cacar baki, har da tone-tonen wanda awakinsa suka taɓa shiga gonar wani. Ni dai na gode Allah, domin muddin suna faɗa da juna ba mai jifa. Na ɗebo ruwa a bokiti na zura wa damisar a hankali. Ta kai wa bokitin mari, rabin ruwan ya zube, ta koma lungunta. Can da ta ga ba ya motsi, ta miƙo wuya ta fara lasa.

A cikin taron akwai wani kafinta da ya taɓa yi mini ƙofa. Na ja shi gefe.

"Tsani biyu za ka haɗa mini, ka naɗe su da buhuna don farcenta ya samu wurin kamawa. In aka jingina, aka ba ta wuri, da kanta za ta fito ta kama gabanta."

Ya kalli taron. "Aka ba ta wuri? Waɗannan?"

"Kai dai yi mini tsanin."

Kafin ƙarfe ɗaya ya gama. Amma tsani ba shi da amfani in mutum ɗari uku suna tsaye a bakin rijiya. In ta fito ta ga ba hanya, ta kan wani za ta bi, kuma daga ranar ba ni ba bakin magana a garin nan. Na roƙa, na yi ihu, na yi barazana da doka. Su ja baya taku biyar, in juya, su dawo taku shida. Na kira ofishin 'yan sanda, aka ce motarsu ta raka wani babba, in ta dawo za a turo. Rana ta take, inuwar da ke cikin rijiyar ta tsuke, damisar ta buɗe baki tana haki.

Ƙarfe uku da 'yan mintuna sai ga Oga cikin farar motar otal, katin taro na lilo a wuyansa, da mai ɗaukar hoto a bayansa. Ya leƙa rijiyar daga nesa, ya gyara tsayuwa, aka ɗauke shi ta dama, aka ɗauke shi ta hagu. Ya yi wa jama'a jawabi kan amanar da muka karɓa daga kakanni za mu miƙa wa jikoki. Aka tafa masa, har da mai jan riga.

Na nuna masa tsanin, na yi masa bayani.

"A'a, a'a. Ba za a saki dabba mai haɗari ba tare da izinin hedkwata ba. In ta ji wa wani, wa zai amsa? A bar ta a ciki, na yi magana, za su turo keji da likita."

"Yaushe, ranka ya daɗe?"

"Jibi, ko gata."

"Ba za ta kai gobe ba a wannan zafin. In ma ta kai, waɗannan ba za su bar ta ba."

"To ka tsare ta mana, ai aikinka ne." Ya duba agogo. "Ana rabon takardun shaida ƙarfe huɗu."

Ina tsaye motar ta juya, ta taka kunyar wake biyu, ta fita. Na ji kamar in cire rigar aikin in jefa cikin rijiyar, in hau babur in tafi gida. Maharbi ya matso, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dube ni.

Kunyoyin da motar ta taka su ne suka tayar da Kawu daga kan turmi. Ya bi sawun tayar da kallo, daga nan ya ɗaga ido ya dubi gonarsa, kamar sai yanzu ya gan ta. Waken da ya kusa isa tsinka ya zama tabarma. An karya shinge a wuri uku. Wasu samari biyar suna zaune a kan reshen mangwaronsa da bai wuce shekara huɗu ba, reshen ya tsage. Ko'ina ledojin ruwa.

"Kai!" ya daka tsawa. "Kai, ku sauko, 'ya'yan banza! Ita wata shida ta yi tana cin akuya bakwai, ku a wuni ɗaya kun cinye mini shekara!"

Ya fizgi sandar Iya. Ban taɓa sanin akwai sauran gudu a ƙafafun Kawu ba. Ya bi ta kan masu waya, ya bi ta kan mai ruwan sanyi, ya zuba wa mai jan riga ɗaya a gadon baya. Abin da na kasa da doka da turanci tun safe, sandar rake ta yi shi cikin minti goma. Maharbi ya je ya tsaya a bakin hanya, ya sauke bindigar daga kafaɗa ya riƙe a hannu, ya ce duk wanda ya ƙetare kwalbatin can shi da shi ne.

Kawu ya dawo yana haki, ya nuna ni da sandar.

"Ba don ita na yi ba, ba kuma don kai ba. Sa tsaninka ta fita mini daga gona. Amma ranar Asabar ka zo ka rufe mini saman garken nan da hannunka. In ka sosa kunne, wallahi da kaina zan zuba gubar."

"Oga ya ce kada a sake ta."

"Rijiyar Oga ce?"

Muka kora awakin cikin ɗakin ajiya. Ni da kafinta muka zura tsanin a hankali, muka jingina shi ta ɓangaren da ke kallon tsauni, muka ɗaure kansa a jikin kututture. Sannan mu huɗu, da ni da Kawu da Iya da kafinta, muka shige cikin awakin muka ja ƙofa, muna leƙe ta tagar da ba ta fi faranti ba. Zafi, warin fitsarin awaki, wani bunsuru yana cin gefen rigata.

Rabin awa shiru. Awa ɗaya shiru.

"Ko ta mutu?" in ji kafinta.

"Damisa ƙi sabo ke nan," in ji Iya. "Tana jira ta tabbata ba munafunci."

Rana ta yi ja, ta kusa taɓa kan tsauni, sai na ga kan tsanin ya motsa. Kunnuwa suka fara bayyana, sannan kan. Ta daɗe a haka tana kallon gonar. Daga nan ta yi tsalle ɗaya ta dira, ta ɗan ɗingisa, ta miƙe. Ba ta yi gudu ba sai da ta kai shinge, ta bi ta ɗaya daga cikin wuraren da mutane suka karya, ciyawa ta rufe ta.

Kawu ya daɗe yana kallon wurin. "Ashe ƙarama ce," ya ce. Ya buɗe ƙofa. "Ku fita mini, kun ishi awakina."

Washegari na tarar da takardar tuhuma a tebur ɗina: in yi bayani cikin awa ashirin da huɗu dalilin da ya sa na saki dabba mai haɗari ba da izini ba. A gefenta akwai jarida, da hoton Oga a bakin rijiya, an rubuta cewa ofishinmu ya ceto damisa. Na amsa tuhumar a shafi biyu. Na roƙi mai sito ya ba ni waya ta rufe garke daga cikin naɗi shida da wata ƙungiya ta ba mu don masu kiwo, ya ce ba a ƙaddamar da rabon ba tukuna, sai an sa rana. Na je kasuwa na sayo. Ranar Asabar na wuni a saman garken Kawu, waya ta yayyanka mini hannu, shi kuma yana ƙasa yana gaya mini duk inda na yi ba daidai ba.

Kwana tara bayan haka, da sassafe, ina ɗaura igiyar takalmi, matata ta leƙa waje ta dawo.

"Kana da baƙi. Sun zo maka da tsaraba."

Mutum shida ne a ƙofar gida, maƙwabcin Kawu a gaba. Sun shimfiɗe mini mushen akuya a kan dakali, ƙudaje sun fara bi.

"Ga aikin 'yar gidanka," ya ce. "Kai ka sake ta, sai ka san yadda za ka yi da mu."

Na tsuguna na juya akuyar. Wuyanta lafiya lau, ba huda ko ɗaya. Cinyoyin baya da ciki ne aka yayyaga, cizo barkatai, manya da ƙanana, an ja ta nan an ja ta can.

"Wannan ba damisa ba ce. Damisa maƙogwaro take kamawa, ta ɗauke abinta ta tafi da shi. Karnuka ne, sun kai uku ko huɗu."

Suka kalli juna. Ɗaya ya yi tsaki.

"Ai dama mun san haka za ka ce."

"Ku zo mu je garken, in nuna muku sawun. Na kare da farce yake fita, nata ba ya fita da farce."

"Mun share wurin."

Na ce wa matata ta miƙo mini buhu. Na naɗe akuyar, na ɗaure ta a bayan babur, na ce maƙwabcin ya hau mu je, ko da sawu ɗaya ya tsira daga tsintsiya a bayan shinge. Ya tsaya yana shawara da 'yan uwansa ko ya dace ya hau babur ɗina. Na tayar da injin, na zauna ina jiransa.